Kafin a kai buhun shinkafa ƙauye, a fara auna damtsen yara

Duk shekara, musamman da azumi da kuma ƙarshen shekara, ƙungiyoyi daga cikin garin Jos kan cika mota da shinkafa da taliya da sukari su nufi ƙauyukan Bassa ko Riyom ko Barkin Ladi, wasu har Mangu da Bokkos da Wase. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai a gidan da aka sauke wa buhun, wanda ya fi kowa shiga hatsari, wato ɗan wata takwas ko ɗan shekara ɗaya da rabi, kusan babu abin da yake samu daga ciki. Shinkafar za ta shiga tukunyar gida, manya da 'yan makaranta su cinye ta cikin mako guda, shi kuwa a ci gaba da ɗura masa tsararon koko kamar yadda aka saba. Wanda ke son tallafinsa ya kai ga irin wannan yaro sai ya fara da nemo shi, ya san matakin da tamowa ta kai a jikinsa, sannan ya riƙa komawa yana dubawa har yaron ya murmure.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kashi 7 kuma sun rame fiye da kima. Tsumburewa a hankali take shiga, daga ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma bayan nan da wuya a dawo da abin da aka rasa. Ramewa ita ce mai gaggawa, ita ke kisa cikin makonni idan gudawa ko ƙyanda ta haɗu da ita.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin dai ido yana yaudara. Yaro na goye a bayan uwa, an sa masa rigar sanyi biyu da hula saboda iskar Filato, kumatunsa kamar da ɗan nama, ba za ka ce komai ba sai an tuɓe shi. Shi ya sa ake amfani da tef ɗin awon damtse mai launi uku, wanda ma'aikatan lafiya ke kira MUAC. Na yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne kaɗai, ba a auna jariri ɗan ƙasa da wata shida da shi. Ana auna hannun hagu. A tuɓe hannun riga gaba ɗaya, a lanƙwasa gwiwar hannun, a nemo tsinin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, a sa alama daidai tsakiyarsu. Sai a saki hannun ya sauka a sake, a zagaya tef ɗin kan alamar, a zura bakinsa ta kafar da aka yi masa, a ja har ya kwanta kan fata. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore.

Kurakuran awon sanannu ne. Wani ya matse tef har fata ta tattare, ya mayar da rawaya ja. Wani ya bar shi sakwa-sakwa, ja ya koma rawaya, wannan kuwa ya fi muni domin an mayar da mara lafiya gida ke nan. Wani ya auna hannun yana lanƙwashe, ko yaro na kuka yana ƙanƙame jiki, nama ya kumburo ya ƙara lamba. Akwai kuma mai aunawa kusa da kafaɗa don gaggawa. Idan lamba ta faɗo kan iyakar launi biyu, mutum na biyu ya sake aunawa. Tef ɗin da ya tsufa ya kakkarye a jefar da shi. Iyaye mata da ba su yi boko ba suna koyon wannan awo cikin ɗan lokaci tunda launi ake karantawa, kuma barin tef ɗaya a hannun uwa ta riƙa aunawa duk mako biyu ya fi jiran ranar da baƙi za su sake zuwa daga birni.

Tef kaɗai bai isa ba, sai an duba kumburi. A dafa bayan ƙafafun yaron biyu da manyan yatsu lokaci guda, a danna a hankali a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafafun biyu, tamowa mai tsanani ce ko da tef ya nuna kore, domin ruwa ne ya cika jikin. Irin wannan yaro ne kaka kan ce ya yi ƙiba masha Allah. Sau da yawa za a ga gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, fatar cinya tana saɓulewa, ga yawan ƙunci, ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi. Kumburin ƙafa ɗaya kawai wata matsala ce daban, amma ita ma ta asibiti ce.

Yaron da ya faɗa ja ko yake da kumburi ba na ɗan sa-kai ba ne, na ma'aikacin lafiya ne, kuma a ranar. Tambayar da za a yi ita ce ko zai iya jinya daga gida ko sai an kwantar da shi. Wanda ba ya iya sha ko kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ke sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko kumburin ya hau har fuska, wannan gado yake buƙata a babban asibiti. Haka jariri ɗan ƙasa da wata shida da ya rame. Numfashi ana ƙirga shi minti ɗaya cif yaro na kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, sauri ne. A nan kuɗin ƙungiya ya fi amfani. Abin da ke hana uwa zuwa Jos ko babban asibitin ƙaramar hukuma galibi kuɗin mota ne, da abin da za ta ci a zaman jinya, da wanda zai riƙe mata sauran yara. Ƙungiyar da ta ware asusun mota da abincin mai jinya ta fi wadda ta raba katan hamsin na taliya ceton rai.

Abu biyu ke kashe irin waɗannan yara a hanya ko a daren farko: sanyi da faɗuwar sukarin jini. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10. Yaron da ba shi da kitse ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula da safa, a canza tsumma da zarar ya jiƙe, a daina yi masa wankan asuba. Kada a kunna gawayi a rufe ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Idan tafiyar da nisa kuma yaron na iya haɗiya, a ba shi nono akai-akai, ko a narka cokalin shayi ɗaya na sukari a cokali uku na cin abinci na tsabtataccen ruwa a ba shi kaɗan-kaɗan. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai.

Kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne a tsaya kyamis a ce a sa masa ruwa, ko a saya masa maganin ƙarin jini. Zuciyar mai tamowa mai tsanani ta yi rauni, ledar ruwa ɗaya da aka sa ba bisa ƙa'ida ba tana iya cika masa huhu. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin jini kuma ba a ba shi a kwanakin farko domin yana ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. A asibiti ma da madara ta musamman mai sauƙi ake farawa, wadda ake kira F-75, kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku dare da rana, sai jiki ya daidaita a ƙara. Cika masa ciki da nama da ƙwai rana ɗaya don a ga ya farfaɗo da wuri na iya zama ajalinsa.

Wanda ba shi da waɗancan alamu, kuma aka gwada shi ya ci, shi ake ba abincin tamowa na leda ya tafi gida. Tun 2009 aka fara wannan tsari na jinya daga gida a Najeriya. Ledar gram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, haɗin gyaɗa ne da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ma'aikacin lafiya ne ke ƙayyade adadi bisa nauyin yaro. Mai kilo bakwai yakan samu leda biyu zuwa uku a rana, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki ko da ba a ga zazzaɓi ba, domin jikin da ya rame ba ya nuna alamar cuta yadda ya kamata. A ba shi nono tukuna, sannan ledar, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwan sha mai tsabta a kusa saboda tana sa ƙishirwa. Ba a dama ta a kunu ko ruwa. Rashin ruwa a cikinta ne ke hana ta lalacewa. Yawanci mako shida zuwa takwas ake yi, ana komawa awo duk mako, kuma ba a sallama sai damtse ya kai 12.5 kumburi ya baje an tabbatar a zuwa biyu a jere.

Inda abin ke lalacewa shi ne rabo. Ledar tana da daɗi, yayye na kallo, uwa ba za ta iya hana su ba, maigida ma wani lokaci yakan shafa a burodi. Wata kuma ta sayar da leda biyu ta sayi garin masara don gidan gaba ɗaya ya kwana da abinci, kuma duk wanda ya san halin da take ciki ba zai yi saurin zaginta ba. Faɗa ba ya gyara wannan. Abin da ke gyarawa shi ne a gaya wa gidan duka, a gaban maigida, cewa wannan magani ne, sannan a haɗa wa gidan da ɗan hatsi da wake na sauran yara. Ga inda buhun nan na ƙungiya yake da gurbi: a gidan da ake jinyar mai tamowa, don ya kare ledar. A kuma tambaya tun kafin a fara awo a ƙauye wane asibiti ne a kusa yake da ledar a ƙasa, domin ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, kuma takan yanke. Auna yara a ce musu ja ne sannan a tafi a bar su babu inda za a tura su, zalunci ne.

Masu rawaya su ne suka fi yawa, kuma su ne aikin unguwa zai iya ɗauka da abin da ake nomawa a nan. Garin da aka fi sani da Tom Brown shi ne ginshiƙi. Awon da aka fi koyarwa: mudu 6 na hatsi, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa. Hatsin zai iya zama masara ko dawa ko gero, ko a gauraya biyu. Ja ko rawayar masara ta fi fara. Idan kaɗan za a yi, a auna da gwangwanin madara bisa wannan lissafi.

Waken soya ne mai wahala. A tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon a tace shi ya tafi da ruwa, a shanya har ya bushe ƙarau, sannan a soya a kasko ba mai, wuta kaɗan, ana juyawa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ƙarnin ɗanyen wake ya fita. Ɗanyen waken soya na ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abincin gina jiki, zafi ne ke kashe shi. Wanda bai soyu ba yana kumbura ciki ya sa zawo, uwa ta ce garin bai karɓi ɗanta ba ta daina. Wanda ya ƙone kuma yana ɗaci, amfaninsa ya ragu. Hatsi a wanke, a shanya, a soya sama-sama. Gyaɗa kuwa a zauna a tsince ta ɗaya bayan ɗaya: duk wadda ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ta yi fumfuna, a zubar, kada a ba kaji ma. Fumfunar gyaɗa da masara na haifar da guba mai lalata hanta da hana yaro girma, kuma suya ba ta kashe ta. Da damina a Filato, inda rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, shanya ita ce babbar matsala; kayan da ba su bushe ba kada a kai su inji. A shanya kan tabarma ko leda a bisa wani abu, ba a ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba.

A gauraya duka ukun kafin niƙa, domin gyaɗa ita kaɗai cakuɗewa take yi ta toshe inji. A tabbata injin a bushe yake kuma ba barkono aka gama niƙawa a cikinsa ba. A tankaɗe, a bar garin ya huce, a zuba a roba mai murfi. Kada a yi na fiye da mako uku ko huɗu, man da ke cikinsa yana sa shi yin ɗoyi. Idan ƙungiya ce ke rabawa, kilo ɗaya da rabi a mako ga kowane yaro ya yi, an sa da lissafin cewa 'yan'uwansa za su taɓa. Ya fi kyau matan unguwar su haɗu su yi garin da hannunsu a gidan ɗaya daga cikinsu, don ranar da tallafi ya ƙare sanin ya zauna.

Sai damu, wanda a nan ne mafi yawan gidaje ke asara. Cikin ɗan wata takwas bai fi ɗaukar kofi ɗaya na mililita 250 ba a zama guda. Idan aka cika shi da tsararon koko na gasara, wanda an tace dusar an zubar an kuma tsinka da ruwa don ya bi ta bulumboti, yaron ya ƙoshi da ruwa ne. Ƙarfin da ke ciki bai kai na nonon uwa mai yawa ɗaya ba. Kunun yaro kauri ake so: a ɗebo a cokali a karkata, idan ya zube shar ya yi ruwa, idan ya tsaya ya sauko a hankali ya yi. A dama cokali uku na cin abinci a cike da garin a ɗan ruwan sanyi, a juye cikin tafasasshen ruwa kamar kofi ɗaya, a yi ta juyawa a wuta minti biyar zuwa goma. A sauke a sa cokalin shayi ɗaya na manja ko man gyaɗa, wanda shi kaɗai ya ƙara kalori kusan 40, manja kuma ga sinadarin bitamin A. Da cokali da kofi ake bayarwa. Bulumboti a ƙauyen da ruwa ke wuya ba ya wankuwa, hanyar gudawa ce. Ɗure kuma, a toshe wa yaro hanci a zuba masa, yana tura kunu huhu.

Idan yaro ya ƙi mai kauri akwai dabara: a jiƙa masara ko gero, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana biyu zuwa uku har ya tsiro, a shanya, a murje tsiron da saiwar a zubar, a niƙa. Ɗan kaɗan na wannan gari a cikin kunu mai kauri da ya ɗan huce yana tsinka shi nan take ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a mayar wuta ya sake tafasa. An fi son masara ko gero domin tsiron dawa na da guba idan ba a cire shi sosai ba.

Yawan ci kuwa: ɗan wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku a kai rabin kofi, ɗan wata 9 zuwa 11 sau uku zuwa huɗu, rabin kofi, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu sau uku zuwa huɗu, daga kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa cikakke, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. Duk wannan ƙari ne a kan nono, wanda ake so ya ci gaba har shekara biyu. A ba yaro kwanonsa shi kaɗai. Ɗan shekara ɗaya da aka zaunar a kwano ɗaya da yayye huɗu ya tashi da yunwa, kuma uwa ba za ta san nawa ya ci ba.

Abin takaici ne a ce ƙasar da ke cika kasuwar Farin Gada da karas da kabeji da tumatir, take loda dankalin turawa zuwa Legas, a samu yaranta ba sa cin ko ɗaya. Gwaten acca ko na masara, wanda kowane gida a Filato ya sani, abincin yaro ne mai kyau idan aka ɗebi nasa kafin a zuba barkono, aka murƙushe ganyen, aka ƙara garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da ɗan manja. Busasshen ƙaramin kifi a daka shi da ƙayarsa ya zama gari, cokali ɗaya a abincin yaro. Zogale a shanya a inuwa, rana na cinye amfaninsa, a daka a riƙa barbaɗawa. Kabewa, awara, wake da aka cire wa ɓawo, hanta ko sau ɗaya a mako, dankalin Hausa mai jan ciki. Ƙwai ɗaya a rana yana canza yaro, kuma maganar cewa mai cin ƙwai zai yi sata ba ta da tushe. Galibi dai ƙwan ana adana shi ne don ƙyanƙyasa ko sayarwa. Madarar shanu a tafasa ta. Zuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya. Gishiri a sayi mai sinadarin aidin, man girki da sukari kuma masu tambarin ido da ke nuna an ƙara bitamin A.

Tunda an ambaci ƙwai: raba wa mata kaji tallafi ne mai ma'ana, amma kajin gida kan ƙare da hunturu saboda annobar kaji da ake kira Newcastle. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, nan kusa da Jos, tana yin rigakafinta, har da nau'in da ke jure rashin firji na ɗan lokaci, ana ɗiga shi a ido duk wata uku zuwa huɗu. Raba kaji ba tare da wannan ba asarar kuɗi ce.

Abinci kaɗai ba ya riƙe yaro idan cuta na zubar da shi. Gudawa ce kan gaba. Ledar gishiri da sukari ta asibiti a duba jikinta, wata ta lita ɗaya ce wata ta rabin lita, a haɗa da ruwan da aka tafasa ya huce, a zubar da abin da ya kwana ya wuni. Bayan kowane zawo ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200. A haɗa da ƙwayar zinc, miligram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida, kuma a cika kwanakin ko zawon ya tsaya. Idan babu leda, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Gishiri ya wuce haka yana cutarwa. Ba a daina nono ko abinci saboda zawo, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu. Mai tamowa mai tsanani da ke gudawa shi kam asibiti, nasa haɗin daban ne.

Sauran kariyar kyauta ce, aikin ɗan sa-kai shi ne ya duba kati ya tura. Bitamin A duk wata shida: shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya. Ana ba da su a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara. Rigakafin ƙyanda a wata tara, na biyu a wata goma sha biyar. Da damina ana bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na 'yan wata 3 zuwa 59, na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka rage ne ake mantawa a ƙarƙashin katifa.

Yawancin tamowar da ake gani a jikin ɗan wata bakwai ko goma ta samo asali tun makon haihuwa. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Ana matse dakashi a zubar a ce datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. Ana ba jariri ruwa saboda zafi, alhali nono kusan duk ruwa ne, kuma duk cokalin ruwan da ya sha ya rage tsotso, raguwar tsotso kuma ke rage nonon. Sai yayen farat ɗaya idan uwa ta samu ciki, a ɗauke yaro a kai wa kaka a wani gari, ya rasa nono da uwa rana guda, ya ƙi cin abinci. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, nonon bai lalace ba. Ita ce ke buƙatar ƙarin abinci. Mai ciki ko mai shayarwa da damtsenta bai kai santimita 23 ba, sai a sa ta cikin masu karɓar garin. Ta sha ƙwayar ƙarin jini ta awo kullum, ba da shayi ba domin yana hana jiki ɗaukarta. Mai jego kuma a rage mata kanwa a kunu, yawanta na da alaƙa da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Duk wannan bayani idan uwa kaɗai aka yi wa, an yi rabin aiki. Ba ita ke buɗe rumbu ba, ba ita ke yanke shawarar zuwa asibiti ba, kuma ba za ta musa wa uwar mijinta ba. A fara da gaisuwa wurin mai unguwa, a nemi liman ko fasto ya yi magana, a zauna da maza daban a yi musu lissafin kuɗin ƙwai ɗaya a rana da na kwana goma a gadon asibiti. Kaka a ce mata, "Iya, ke kika raini uban yaron nan, ke za ki tsaya mana kan kununsa," sai ta zama mai tsaron abin maimakon mai hana shi. Unguwarzoma ma haka.

Lokacin kai tallafi shi ma abin dubawa ne. An fi kaiwa bayan kaka, lokacin da rumbu ke cike. Yunwa kuwa daga Yuni zuwa Agusta take, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, uwa na gona tun safe ta bar jariri hannun 'yar shekara bakwai, ga zazzaɓi ga gudawa. A sayi masara da waken soya da gyaɗa da kaka suna araha, a busar sosai, a adana a buhun da ba ya shan iska, a fito da su da damina. Iyalan da rikici ya raba da gonakinsu, kamar yadda ya faru a Mangu da Bokkos a 2023, su ba su da kaka ko kaɗan. Su da gidajen da suka karɓe su a riƙa auna yaransu duk wata. Haka marayun da ke hannun kaka, da tagwaye, da rugagen da ke nesa da titi.

A riƙe littafi guda: sunan yaro, watanninsa, unguwa, awon damtse, kumburi, ranar da aka gani. Ɗan sa-kai ɗaya kada ya wuce gida goma zuwa goma sha biyar, ya leƙa kowanne sau ɗaya a mako, ya ga an dama kunun a gabansa, ya duba robar garin. Wanda bai zo awo ba, sai a bi shi gida a ranar, yawanci wanda jikinsa ya tsananta ne ke fashi. Wanda aka sallama a ci gaba da auna shi duk wata har wata uku, domin komawa baya ba abin mamaki ba ne.

Idan kuma an yi mako uku yaro na cin garin ko ledar yadda aka ce, an tabbatar ba a rabawa, amma damtse bai motsa ba ko ma ya ragu, to matsalar ta wuce abinci. A tambaya ko akwai mai tsohon tari a gidan, a kai yaron a duba tarin fuka, a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki shi da uwarsa, a duba sikila da ciwon zuciya. Waɗannan gwaje-gwaje na babban asibiti ne, kuma a rubuta takarda mai ɗauke da awon makonnin nan uku a ba uwar ta tafi da ita, don likita ya ga inda aka faro.